Rangwamen Haraji Ga Masu Shirya Fim: Wa Zai Ci, Wa Zai Biya?

Duk wanda ya daɗe a Unguwar Hausawa ta New Bell a nan Duwala bai manta da lokacin da kaset ɗin finafinan Hausa ke isowa cikin dilar atamfa da buhunan takalma ba. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano kaset zai taso, ya tsallako ta Banki ko ta Mubi, ya kwana a Garwa, ya hau jirgin ƙasa a Ngawundare, kafin mako biyu ana kallonsa a zaurukanmu. A wajajen shekarar 2000, lokacin da Sangaya da Wasila suke tashe, mai teburin kaset a gefen Kasuwar Kwango ba ya rasa na cefane. Yau teburan nan babu su. Fim ya koma cikin wayar hannu, yara suna tura shi da 'yan canji, wasu kuma suna kallonsa a YouTube ba tare da sun ba kowa ko sisi ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne wata magana da ke yawan fitowa daga bakin masu shirya finafinai a ƙasashen Afirka cikin 'yan shekarun nan, wato kiran da suke yi ga gwamnatoci da su riƙa mayar masu da wani kaso na kuɗin da suka kashe wajen yin fim, ta hanyar rangwamen haraji, kamar yadda ake yi a Amurka da Turai da Maroko da Afirka ta Kudu. Mai karatu da ke zaune a rumfarsa a Amcide ko Fotokol ko Ekok zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwansa. Duk harajin da gwamnati ta yafe wa wani, giɓi ne a baitulmali, kuma ba daga sama ake cike giɓin ba. Daga aljihun mai biyan patanti da kuɗin rumfa da kuɗin duwan ake cike shi. Haka kuma mu 'yan kasuwa ne muka ɗauki nauyin wannan sana'a tun tana rarrafe, don haka ya kamata mu san abin da ake shirin yi da ita.

Da farko bari mu fayyace yadda abin yake, domin da yawa daga cikinmu suna ɗaukarsa kyauta ce gwamnati ke rabawa. Ba a ba mai fim kuɗi kafin ya fara aiki. Shi zai nemo jarinsa, ya ɗauki ma'aikata, ya biya masauki da abinci da mota da hayar kyamara, ya adana rasit na kowane abu. Bayan ya gama sai ya kai lissafin, masu binciken kuɗi su tantance, sannan a ce an amince da kaza. Alal misali, idan dokar ƙasa ta ce kashi 30 cikin ɗari, kuma aka tabbatar ya kashe sefa miliyan 10 a cikin ƙasar, to yana bin gwamnati miliyan 3. Wasu ƙasashen suna cire wannan kuɗi daga harajin da ake binsa. Wasu suna biyansa tsaba idan ba a binsa harajin da ya kai haka. Wasu kuma suna ba shi takarda wadda zai iya sayar wa wani kamfanin da ake bi haraji mai yawa, a kan farashin da ya ɗan gaza abin da ke rubuce a jikinta. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da bashi a kan ragi don ya sami kuɗi a hannu ya riga ya fahimci wannan.

Hujjar gwamnatocin da ke yin haka ita ce, fim ba ya zuwa shi kaɗai. Idan ayarin masu ɗaukar fim ya sauka a gari, mai otal zai samu, mai abinci za ta samu, tela da kafinta da direba duk za su samu, kuma garin zai yi suna. Wannan gaskiya ne. Abin tambaya a nan shi ne, shin abin da ke dawowa baitulmali ya kai abin da ya fita?

Amurka ce ta fi kowa gwada wannan hanya, kuma a can jihohi ne ke yi, kowace tana ƙoƙarin janye masu fim daga maƙwabciyarta. Jihar Luwiziyana ta buɗe ƙofa a 2002. A 2008 jihar Jojiya ta kafa dokar da ke ba da kashi 20 cikin ɗari, da ƙarin kashi 10 ga duk fim ɗin da ya sanya tambarin jihar a ƙarshensa, da sharaɗin a kashe aƙalla dala 500,000 a jihar. Birnin Atlanta ya cika da ɗakunan ɗaukar fim, har fim ɗin Black Panther na 2018 da yaranmu suka yi ta kallo, can aka ɗauki mafi yawansa. Amma rangwamen ya yi ta kumbura har ya wuce dala biliyan ɗaya a shekara. A farkon 2020 ofishin binciken kuɗi na jihar ya bayyana cewa an zuzuta amfanin shirin fiye da yadda yake, kuma ana amincewa da wasu kuɗaɗen da ba su cancanta ba, abin da ya sa aka tilasta bincike a kan kowane fim. Wani nazari da aka yi wa majalisar jihar a ƙarshen 2023 ya nuna cewa a kowace dala ɗaya da aka yafe, abin da ke dawowa baitulmalin jihar bai wuce santi 19 ba.

Jihar Mishigan ta fara nata a 2008 da kaso mai tsoka, har kashi 42 cikin ɗari, amma a 2015 ta rufe shirin baki ɗaya. A jihar Ayowa kuwa, a 2009 gwamna ya dakatar da shirin bayan an gano cewa wasu sun sayi motocin alfarma na hawansu sun sanya a lissafin fim, maganar da ta kai wasu gaban alƙali. Ita kanta Kalifoniya, mahaifar Hollywood, a 2025 sai da ta ɗaga abin da take warewa daga dala miliyan 330 zuwa miliyan 750 a shekara don kada a kwashe mata sana'ar. Darasin a fili yake. Baƙon da rangwame ya kawo, rangwamen da ya fi shi zai ɗauke shi. Wanda ya ga yadda masu saye ke tsallaka iyaka su koma ɗaya gefen duk ranar da Naira ta faɗi ko ta tashi a kan sefa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Faransa ta bi wata hanyar dabam, kuma ya kamata mu kula da ita tun da yawancin dokokinmu na Kamaru daga can aka kwaikwayo su. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ake cire wani kaso daga kuɗin kowane tikitin silima, kusan kashi 11 cikin ɗari, ana zuba shi a asusun hukumar finafinai ta ƙasar, wato CNC. Ke nan ko fim ɗin Amurka mutum ya shiga kallo, ya taimaki fim ɗin Faransa. Sai a 2004 suka ƙara da rangwamen haraji ga finafinan gida, a 2009 kuma suka yi na baƙi. Sun fara gina kasuwar da asusun, sannan suka ɗora rangwame a kai.

A nan Afirka, Maroko ta fara mayar wa baƙin masu fim kashi 20 cikin ɗari a 2018, ta ɗaga zuwa kashi 30 a 2022, kuma garin Warzazat da ke bakin hamada ya daɗe yana cin abinci da wannan sana'a. Afirka ta Kudu ma tana da irin wannan shiri a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu, sai dai a 2025 masu fim sun fito zanga-zanga saboda kuɗaɗen da aka amince za a mayar masu sun maƙale. Mutum ya ci bashin banki bisa alkawarin gwamnati, ruwa yana ta hawa, kuɗi ba su fito ba. Duk ɗan kwangilar da ya taɓa bin gwamnati bashi ya san wannan ciwo. Ita kuwa Senegal asusu ta kafa mai suna FOPICA, wanda aka fara zuba wa sefa biliyan ɗaya a 2014, kuma cikin 'yan shekaru finafinan 'yan ƙasar suka dawo fagen duniya: Alain Gomis ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 2017, Mati Diop ta ci babbar kyauta a bikin Kan na Faransa a 2019.

To mu dawo gida. Kamaru ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1973 gwamnatin Ahmadu Ahijo ta kafa asusun raya sana'ar fim mai suna FODIC, kuma a zamaninsa ne Daniel Kamwa ya yi Pousse-Pousse, Dikongué Pipa ya yi Muna Moto wanda ya ciyo wa ƙasar babbar kyautar FESPACO a 1976. Daga baya basussukan da ba a biya ba da matsin tattalin arzikin ƙarshen shekarun 1980 suka durƙusar da asusun. Gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka zama coci, wasu kantuna. A watan Janairun 2009 uku na ƙarshe suka rufe: Abbia a Yawunde, Wouri a nan Duwala, da Empire a Bafusam. Sai a 2016 da 2017 kamfanin Canal Olympia ya buɗe sababbi a Yawunde da unguwar Besenge. A 2001 an kafa wani asusu na musamman don tallafa wa al'adu, mai sefa biliyan ɗaya a shekara, amma mawaƙa da marubuta da masu zane da masu fim duk a cikinsa suke ɗiba, kowa kuwa ya san abin da ke faruwa idan hannu ya yi yawa a akushi ɗaya. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Bikin Écrans Noirs da Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997 ya riƙe wutar, kuma a 2021 finafinan 'yan yankin masu Ingilishi, irin su The Fisherman's Diary, suka hau Netflix.

A Nijeriya, inda finafinan da muke kallo ke fitowa, an gwada hanyoyi da dama. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi shelar asusun bashi na dala miliyan 200 ga masu nishaɗantarwa. A 2013 ya ƙara da tallafin Naira biliyan 3 don horarwa da shirya fim da rarraba shi. A watan Agustan 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanya shirya fim cikin sana'o'in da za a iya ba hutun harajin riba na shekara uku, da damar ƙari zuwa biyar. A 2019 Babban Bankin ƙasar ya fito da bashi mai ruwa kashi 9 cikin ɗari. A kan takarda duk abin sha'awa ne. Amma hutun harajin riba yana amfanar mai riba ne da ke da kamfani mai rajista da littafin lissafi. Daɗin daɗawa, Dokar Kuɗi ta 2019 ta riga ta ɗauke harajin riba daga kamfanonin da cinikinsu bai wuce Naira miliyan 25 a shekara ba, ke nan ƙaramin furodusa na Kano an yafe masa abin da dama ba a binsa. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta maye gurbin wancan hutu da rangwamen kashi 5 cikin ɗari a shekara har shekara biyar, amma lissafinsa yana kan jarin da aka zuba a injina da gine-gine. Shi kuwa fim ɗin Hausa, yawancin kuɗinsa a sallamar 'yan wasa da abinci da mai da masauki yake tafiya.

Wannan ya kawo mu ga ainihin matsalar. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, ba banki ne ya gina wannan sana'a ba, kuma ba gwamnati ba ce. 'Yan kasuwa ne da amana. Furodusa zai gama fim, ya buga kwali, ya kai wa diloli, su kuma su kwafa a kaset su sanya cikin kwalin, a raba wa 'yan sari daga Maraɗi har Kumasi, daga Njamena har nan Duwala, kuɗi su biyo baya. Babu rasit, babu sa hannu. Haka muke cinikin goro da shanu da atamfa tun kaka da kakanni, kuma tsarin ya riƙe mu. Amma rangwamen haraji bai san amana ba, takarda ya sani. Matar da ta dafa wa ayarin fim tuwo na kwana goma ba ta da lambar mai biyan haraji. Ɗan bensikin da ya yi ta jigilar kaya ba ya yanka rasit. Idan aka kafa dokar yadda take a Jojiya, da sharaɗin kashe maƙudan kuɗi da kawo takardun kowane abu, manyan kamfanonin Legas da na Turai ne za su kwashe, mai fim ɗin Hausa ko na Fulatanci yana tsaye yana kallo, alhali da harajin mahaifinsa aka biya.

Wani hanzari ba gudu ba, ko da an mayar wa furodusa kashi 30 na abin da ya kashe, sauran kashi 70 ɗin daga ina za su dawo? Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sana'ar fim a Afirka tana samar da kimanin dala biliyan 5 a shekara alhali tana iya kai biliyan 20, kuma satar fasaha tana cinye rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na abin da ya kamata a samu. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba baƙi ne suka riƙa kwafar faifai ba da izini ba a kasuwanninmu, kuma ba baƙi ne ke cika wa mutane waya da finafinai a bakin titi ba. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, su ma abinci suke nema. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka tun Disambar 2000, Nijeriya ta sabunta tata a 2023, amma doka ba ta hana abin da jama'a ba su ɗauka laifi ba. Zuba rangwame a sana'ar da ba ta iya karɓar kuɗinta daga mai kallo kamar ɗibar ruwa ne da kwando.

Sannan akwai maganar kwanciyar hankalin mai jari. A 2007 an dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, da yawa daga cikin 'yan fim suka koma Kaduna da wasu garuruwan. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim na Naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai da jama'a sun nuna rashin amincewa. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su a tace. Ba muna cewa a bar fim ba linzami ba ne, domin mu ma iyaye ne kuma mun san abin da muke so 'ya'yanmu su gani. Abin da muke cewa shi ne, mai kuɗi yana son ya san ƙa'ida tun kafin ya zuba jarinsa, kuma rangwame komai yawansa ba zai jawo shi inda bai san abin da gobe za ta haifar ba.

Duk da haka ba za mu ce a yi watsi da maganar ba, saboda akwai abin samu. Fim ɗin The Milkmaid, wanda Nijeriya ta aika gasar Oscar a 2020, da Hausa aka yi mafi yawansa kuma a jihar Taraba aka ɗauke shi, maƙwabciyar Adamawarmu. Mai Martaba da aka aika a 2024 a Daura aka ɗauka. Wannan ya nuna harshenmu yana da kasuwa har a wajen gida. Kamaru kuwa tana da teku a Kiribi da Limbe, tana da tsaunukan Rumsiki, tana da fadojin lamidai a Arewa, ga masu jin Hausa daga Kusiri har Kiye-Osi. Tun da aka buɗe sabuwar gadar Mfum da Ekok a 2022 hanya ta ƙara sauƙi ta kudu. Ayarin mutum talatin da zai yi wata guda a New Bell zai ci abinci a wurin matanmu, ya yi ɗinki a wurin telolinmu, ya sayi yadi a Kasuwar Kwango da Nkololun. Wannan kuɗi a hannunmu zai tsaya.

Saboda haka idan har mahukunta a Yawunde ko Abuja ko Kano za su kafa irin wannan doka, ga abin da muke ganin ya kamata wakilanmu da shugabannin kasuwanni su tsaya a kai. A sanya mafi ƙarancin kuɗin shiga shirin daidai da ƙarfin ƙaramin furodusa, kuma a ba wanda ya yi fim da harshen gida ƙarin kaso. A lissafa kuɗin da aka kashe a hannun 'yan ƙasa kaɗai, ban da abin da aka biya wani tauraro ya tafi da shi waje. A amince da shaidar biya ta wayar hannu, irin Orange Money da MTN MoMo, a matsayin rasit, tun da ita ce takardar da talaka ke da ita a yau. A ƙayyade abin da za a kashe a shekara, a kuma sanya wa'adin biya a cikin dokar don kada a maimaita abin da ya faru a Afirka ta Kudu. A riƙa buga sunan kowane fim da abin da aka ba shi a jarida, kowa ya gani. A kuma duba kuɗin duwan da harajin kashi 19.25 cikin ɗari da ke hawa kan kyamara da fitilu da na'urorin sauti idan an shigo da su, domin sassauci a nan zai isa ga yaron da ke ɗaukar bikin aure da suna a unguwa tun kafin ya zama furodusa.

Mu ma akwai namu aikin. Masu fim na Hausa a Duwala da Birikitari ta Yawunde da Garwa da Marwa su haɗu su yi rajistar ƙungiya, su koyi rubuta abin da suka kashe ko da a littafin 'yan makaranta ne, domin ranar da aka buɗe ƙofa mai takarda ne zai shiga. 'Yan kasuwar da ke ba da talla a finafinan YouTube su riƙa neman yarjejeniya a rubuce. Masu tura finafinai a waya kuma a zauna da su, a fitar da abin da za su riƙa biya wa masu haƙƙi, maimakon a yi ta kamun da ba ya ƙarewa.

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a da sunan fim, wajibi ne jama'a su ga aikin a ƙasa, su kuma ga lissafin. Mu da muke biyan haraji a bakin iyaka safe da yamma muna da haƙƙin tambaya tun kafin a sa hannu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma sa albarka a kasuwanninmu.